Butar da Malam Ya Ɗauka Ranar Juma'a

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su gama yi mini tawaye ba, ɗana na tsakiya ya samu mota yana jigilar mutane daga Tawa zuwa kasuwannin Barmu da Kalfu. Tsohuwar mota ce, amma yadda yake lallaɓa ta ko amarya sai haka. Ranar Juma'a ba ya fita aiki, a ƙofar gida yake ajiye ta ya yi mata wanka. Ni kuwa mutanen gidana sun san ni, ba abin da ke giftawa ta zaurena ban gani ba. Surukata har cewa take ina da ido a ƙeya. Ban taɓa musa mata ba.

Wata Juma'a da hantsi na leƙo na same shi tsugune gindin taya, da koriyar buta a hannu, yana tsiyaya ruwa a kan ƙarfen ƙafar motar. Wani wari ya soke ni a hanci. Na duba ƙasa, inda ruwan ya ɗiga tsakuwa na ta kumfa kamar an dafa ta.

"Kai, mi ka zuba cikin butar ga?"

"Ruwan batir ne, Inna, na surka shi da ruwa. Wani abokina na tasha ya gwada min. Dubi yadda ƙarfen ya yi fari tas."

"Abin da ke dafa dutse shi za ka sa cikin butar alwala?"

"Bakinta ne ke shiga lungu-lungun ƙarfen. In na ƙare zan zubar."

Na ce ya zubar yanzu. Ya ce to. Irin "to" ɗin yaran zamani, wanda ke fita ta baki bai biya ta kunne ba. Tukunyata na kan wuta, na koma ciki.

Butocin gidanmu biyu ne iri ɗaya, tare aka sayo su. Ɗaya ta Malam ce, maigidana. A lokacin idonsa ya yi rauni, yana ganin mutum kamar inuwa, amma bai yarda a ja masa sanda ba. Kowace Juma'a yakan tafi masallaci da wuri da butarsa, saboda tsufa ba ya barin alwalarsa ta daɗe, kuma ba ya son turereniyar bakin famfo. Ni ke cika masa ita in ajiye a bakin zaure.

Da rana ta kusa tsaka na cika butar na fito da ita. Ba takalman Malam. Ba sandarsa. A daidai inda nake ajiye masa buta, sai ga wani zagayen danshi a ƙasa, yana ɗan tsiit-tsiit yana kumfa.

Na dubi butar da ke hannuna. Na dubi zagayen.

Yaron yana bayi yana wanka. Na doki ƙyauren da tafin hannu. "Ina ka aje butar?"

"Bakin zaure, Inna, ina hitowa in..."

"Ubanka ya tahi da ita!"

Ya fito da kumfar sabulu a wuya, ya zura wando ya zuba da gudu ta babbar hanya, ya nufi ƙofar masallaci ta gaba. Na ƙwala masa kira bai ji ba. Ni na san ba can Malam yake zama ba. Ban taɓa raka shi ba, amma ni ke wanke rigarsa, kuma duk Juma'a sai na ɓanɓare 'ya'yan bedi, wato darbejiya, da suka manne a bayanta. Bedi kuwa a bayan masallaci yake.

Na fita yadda nake, da zanen girki, ba mayafi, na bi ta lungu. Ni da nake yi wa 'yan mata faɗa in sun yi sauri a hanya, ga ni ina gudu kamar akuyar da ta tsinke. Maƙwabciyata na tambaya lafiya, na wuce ta. Lissafi ɗaya nake yi. Zai fara da hannu. Hannun Malam hannun manomi ne, ya yi kanta, garwashi yake ɗauka da shi ya mayar cikin murhu, ba zai ji komai da wuri ba. Daga hannu sai baki. Daga baki sai hanci, sai fuska, sai ɗan sauran idon da Allah ya bar masa.

Da na ɓullo bayan masallaci, maza sun shimfiɗa tabarmi sun toshe hanya, ba inda mace za ta sa ƙafa. Na hango shi can gindin bedi, tsugune, ya naɗe hannun riga. Ya riga ya wanke hannuwa. Ya karkata butar yana cika tafinsa na dama.

"Malam!"

Kawuna suka juyo, kusan duk wanda ke wurin Malam ne. Shi kaɗai bai juyo ba. Hannun ya tashi ya nufi baki.

Tun ranar da aka kai ni gidansa ban taɓa faɗin sunan mutumin nan ba. Ko yaron maƙwabta mai suna irin nasa, wani suna na laƙaba masa. Haka uwata ta yi, haka kakata. Amma ranar na buɗe baki, gaban liman da dattawan unguwa da surukai, na kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, da muryar da ban san ina da ita ba.

Hannun ya tsaya cak a gaban gemunsa. Ruwan ya bi ta tsakanin yatsunsa ya sauka ƙasa, ƙasar ta hau kumfa.

"Kada ka kai baki! Ruwan batir ne!"

Nan wuri ya rikice. Wannan na cewa a shafa mai, wancan na cewa toka. Allah ya sa akwai wani ma'aikacin gidan likita, baƙo ne da aka turo aiki daga Damagaram, ya ratsa sahu ya kama hannuwan. "Kada kowa ya shafa masa komai. Ruwa kawai, ku yi ta zubawa." Maza suka yi ta miƙo butocinsu, har aka ɗauko jarka. Aka daɗe ana kwarara masa. Sai a lokacin ɗana ya iso yana haki, ya ga ubansa, ya gan ni, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya fi son in zage shi, na sani, shi ya sa ban yi ba.

Fatar tsakanin yatsun Malam ta saɓule, ya yi kwanaki ana ba shi tuwo da cokali, amma baki da ido Allah ya tsare. Ƙarfen ƙafar motar da aka yi duk wannan dominsa, farin bai kai ƙarshen wata ba ya koma dabbare-dabbare, tsatsa ta ci gefensa, taya ta riƙa sacewa. Tun daga nan ruwa da sabulu da soso ne wankan motar, a bokitinta na daban. Duk abin da aka ce yana sa taya ƙyalli ko ƙarfe fari, sai ya kai wa masu gyara sun duba. Ni dokata ba ta da wuya: abin da ba za ka iya sa hannunka a ciki ba, ba ya shiga mazubin da mutum ke kaiwa baki, ba ya kuma ƙetare zaurena.

Har yau in na ga ana wankin mota a bakin hanya sai na duba ƙasa, ko tana kumfa.

Matan unguwa sun daɗe suna yi da ni, wai tsohuwa ta zubar da kunya a bainar maza. Ban damu ba. Wanda ya dame ni Malam ne. Da yammacin ranar yana zaune da hannuwa a naɗe, ya ce, "Ke, ashe kin san sunana? Na ɗauka kin mance. Sake faɗi in ji."

Na ajiye masa butarsa a gaba, wadda na ɗaura wa jan ƙyalle a mariƙi don ya ji ta da hannu. Na ce, "Sai ran da ka sake ɗaukar wadda ba taka ba."