Dashen Mangwaro Biyu na Nasidi

Duk Birnin Tudu an san Nasidi ba ya shuka irin da bai gwada ba. Ko ɗan'uwansa ne ya ba shi irin shinkafa, sai ya naɗe ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen buhu, ya jira ya ga nawa za su tsiro. Matarsa Kubura kan ce ita ma da ya samu dama da ya jiƙa ta kafin a ɗaura aure.

Da zaɓen majalisa ya matso, 'yan takara biyu suka shigo garin. Alhaji Manu ya yi alkawarin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, tunda damina ta koma zuwa a makare, fetur kuma ya gagari manomi. Malam Yari ya ce shi malaman kimiyya zai kawo makarantar 'yan mata. Wannan kuwa ta taɓa gidan Nasidi, don ɗiyarsa Surayya karatun jinya take so, jarrabawa saura shekara, ajinsu ba mai koyar da kimiyya. Sai dai maganar injin ma ta shiga ransa ƙwarai.

Mutumin naka bai yi gardama da kowa ba. Ya miƙa wa kowanensu dashen mangwaro, ya sa suka dasa a gefen gonarsa. Ya ce, "Wanda ya tuna ya aiko a ba nashi ruwa, shi zan zaɓa." Suka yi dariya, aka ɗauki hoto, motoci suka tashi.

Cikin mako uku na Manu ya bushe ƙayau, na Yari kuwa kore shar. Nasidi ya dinga bin majalisu yana cewa gwaji ba ya ƙarya. Wata safiya ya yi sammakon gona, sai ga Kubura tsugune gindin dashen Yari da buta a hannu.

"Ashe ke ce? Maguɗi, a gonata?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, su duka biyu ba wanda ya aiko. Kai kana jiran itace ya ba ka amsa, ni kuwa ɗiyata nike gani tana haddar littafin da ba wanda ya taɓa yi mata bayaninsa."

Kunya ta kama Nasidi, tausayin Surayya kuma ya fi kunyar yawa. Ya karɓi butar ya juye sauran ruwan da kansa.

Ranar zaɓe ya dangwala wa Yari, karo na farko a rayuwarsa da ya shuka irin da bai gwada ba. Yari kuwa ya ci zaɓen. Yanzu Nasidi ke ba mangwaron ruwa. Duk ranar kasuwar Mafara kuma sai ya biya ofishin Yari da ke can, ya gaida kowa tsaf, ya zauna, ya tambaya yaushe malaman kimiyyar za su iso.