Barandar Yaya da Kircin Auta

Tela ce, shekara goma sha huɗu tana taka keke a ɗakin ƙasa na wani gidan haya, ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabta. Ko da rana tsaka sai ta kunna fitila kafin ta zura zare a allura. A gindin keken nan autarta ta girma, tana wasa da ƙyallaye.

Tun Auta tana wata shida kirci ya kama ta a bayan gwiwa da wuya. Ta yi ta susa har jini. Uwar ta ɗinka mata safar hannu ta auduga, ta canza sabulu ya fi sau biyar, ta hana ta fita don kada ƙura ta ƙara mata.

Sai da yarinyar ta shekara biyar wani likita ya gwada jininta.

"Bitamin D ɗinta ya yi ƙasa," in ji shi. "Ban ce shi ya kawo kircin ba, amma gara mu gyara. Ga na ɗigawa a baki. Ki ci gaba da shafa mata mai, ta riƙa samun ranar safe."

Ranar safe kuwa tana wurin yayar telar, wadda Allah bai ba haihuwa ba, a benen da ke kallon gidansu, mai baranda ta gabas. Kullum da hantsi Auta takan haye wurin innarta.

Cikin wata uku fatar ta fara lafawa. A nan ran tela ya soma ɓaci. Masu kawo ɗinki su dubi wuyan yarinyar su ce, "Kai, hannun yayarki akwai albarka!" Sai ta ce haka ne, ta danna keke har zare ya tsinke. Ita da ta yi shekara biyar tana yanke wa yarinyar farce tana goge jini, ita ke ɗiga maganin da hannunta, wata ta zo da baranda ta kwashe godiya! Auta ma bakinta bai hutawa: Inna ta ce, Inna ta yi, kitson Inna ba zafi.

Wata safiya tela ta ce wa Auta, "Yau ba inda za ki. Rana ai ba ta Innarki ba ce."

Kwana uku yarinyar na zaune a bakin ƙofa, ta cika ta yi fam. A na huɗu Yaya ta sauko.

"Lafiya kika riƙe min 'ya?"

"Miki? Yaya, ke kika yi naƙudarta?"

Yaya ta sunkuya ta ɗauki wani ƙyalle tana ninkewa. "Awa ɗaya kike ara min," ta ce a hankali. "Da ta ji ƙarar kekenki daga sama sai ta ce, Ummata ce wannan."

Kunya ta kama tela. Ta miƙa wa Yaya kwalbar man, idonta na kan ɗinki. "Bayan gwiwa za ki fi shafa mata."

Auta ta koma hawa bene. Kircin yakan ɗan taso lokaci-lokaci, amma ba kamar da ba. Kishin dai bai warke ba. Duk ranar da yarinyar ta dawo da sabon kitso, uwar takan juya mata kai hagu da dama, ta ce layin ya karkace, ta tsefe guda ɗaya ta sake kitsa shi da kanta.