Ranar Share Kabari a Yangoji

Shekara uku na yi ina tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Sin, lokacin da kamfaninsu ke aikin hanya a wajajen Kwali. Dattijo ne marar yawan magana. Oga nake kiransa, muna fahimtar juna da 'yar Hausar da ya tsinta a bakin leburori.

Wata safiya a farkon damina na taso daga Nyanya na ɗauke shi kamar kullum. Ya shigo da wata leda, ya ɗora ta a cinyarsa, ya ƙi yarda in ajiye ta a baya. Muna wuce Yangoji ya ce in tsaya a gefen wata gonar doya.

Ya nufi gindin wata ɗorawa, ya durƙusa ya ciccire ciyawar wurin da hannunsa. Ya jera lemu uku da ƙaramin kofi, ya zuba shayi daga filas. Sannan ya fuskanci gabas, ya rusuna sau uku, ya tsiyaye shayin a ƙasa. Ni dai ina jikin mota, na rasa ko in kalla ko in kau da kai. Mai gonar ma ya ajiye garmarsa ya tsaya yana kallo har aka gama.

Da muka kama hanya ya gaya mini cewa a ƙasarsu yau ce ranar da kowa ke zuwa ya share kabarin iyayensa. Mahaifiyarsa ta rasu yana nan bakin aiki, ƙanwarsa ce ta tsaya aka binne ta. Kabarin ma a waya kawai ya taɓa ganinsa.

Can sai ya ce, "Baba naka fa?"

Na ce ya rasu, yana maƙabartar garinmu.

"Kana zuwa?"

Rabona da wurin tun ranar jana'iza, shekara bakwai ke nan.

Ran Juma'a na nemi hutun kwana biyu na tafi gida. Ban gane kabarin ba, ruwa ya shafe alamar da muka sa. Tsohon da ke kula da maƙabartar ya daɗe yana tunani, sannan ya nuna mini wani layin kaburbura, ya ce tabbas yana cikin waɗannan, amma ba zai ce ga shi ba.

Na yi wa mamatan sallama, na bi layin daga farko har ƙarshe, ina tsayawa a kan kowanne ina nema masa gafara.