Kwana Goma Ina Jiran Manja

Shekarun baya can, zamanin da yawancin alhazanmu ke sauka Jidda ta jirgin ruwa, muna zaune a unguwar Ruwais ta Jidda ni da mijina da mahaifiyata, a wani ɗakin katako mai rufin kwano. Daga Keffi muka taso da niyyar mu sauke farali mu koma, sai ga shi mun shekara goma sha ɗaya. A shekarar nan ne ciwo ya kwantar da Inna. Abinci ya fita ranta gaba ɗaya, kullum sai ƙara ramewa take yi.

Ana cikin haka wata hajiya 'yar garinmu ta sauka, ta kawo mini tsarabar agushi cike da gwangwanin madara. Inna na jin kacau-kacau ɗinsa ta ɗaga kai. Daga kwance ta taya ni ɓarewa, tana ta ba ni labarin kasuwar garinmu. Rabon da in ga haƙoranta har na manta.

"Ke 'yar nan, ɗora mana tukunya yau," in ji ta.

"Inna, babu manja fa. Hajiya ta ce akwai kwalba a kayan ƙanwarta, sun wuce Madina. Kwana goma za su dawo."

"Yi da man da ke akwai."

Ni kuwa a lokacin gani nake duk Ruwais babu mai hannun miya kamata. Na ce agushin da ya ƙetaro teku ba zan lalata shi da man riɗi ba, ta bari in yi mata irin ta gida sak. Na rufe gwangwanin, na ɗora bisa akwati.

Akwai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da muke kira Hala. Ta ja ni gefe ta ce, "Ya binti, 'yata, halas, ya isa haka, ki dafa mata. Wa ya ba ki tabbacin bukra? Wa ya ga gobe?"

Na ce, "Hala, ku da kuka tashi da busasshiyar kuɓewa, ina kuka san miyar nan?" Ku ji fa bakin yarinya.

Inna ta sake tambaya bayan kwana biyu, na ce saura kaɗan. Ta ƙara tambaya, na dama mata kunu. Daga nan ba ta kuma ɗaga zancen ba. A kwana na takwas, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa.

A unguwarmu ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ke ciyar da masu zaman gaisuwa. Hala ta shigo ɗaukar tukwane, ta haɗa da gwangwanin ban sani ba. Ranar sadakar uku sai ga tuwon shinkafa da miyar agushi. Da man riɗi ta yi, da tumatir, da alayyahu, da kifin teku.

"Yalla, ci," ta ce da ni. "Kwana uku ba ki sa komai a cikinki ba."

Na yanko loma ina fata a raina miyar ta ƙi daɗi, ko na samu abin kare kaina. Wallahi ta yi daɗi. Ta yi daɗi ƙwarai, har mata na neman ƙari. Na haɗiye lomar, na tashi na shige ɗaki.

Washegari ƙanwar hajiyar ta iso da manjan. Na karɓa na yi godiya, don baiwar Allah ba ta da laifin komai.

Yanzu na tsufa, jikokina na cewa ba su taɓa ganin mai saurin ɗora tukunya kamata ba. Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Na sani. Miya ba za ta ƙara mata ko yini ɗaya ba, kuma ni ban taɓa cewa za ta ƙara ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Uwar da ta haife ni ta roƙe ni abinci har sau uku, yana nan cikin ɗakina, na hana ta.