Ganiyu Mai Buje da Algaitar Ubansa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Lafagu ya san Abdulganiyu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon sojan nan da ke ratsa kasuwa sanye da buje mai layi-layi iyakar gwiwa, da doguwar safa, yana taku kamar ƙasar ta gadonsa ce. Baƙin da suka ƙetaro daga Benin kan tsaya su saki baki. 'Yan gari kuwa kau da kai suke yi, don sun san bujen nan ba don ado ake sa shi ba, akwai wanda ake ƙona wa rai.

A wani ƙauyen masunta aka haife shi, a bakin kogin Kwara. Ubansa Ango shi ne mabushin Sarkin Ruwa, kuma algaitar da yake busawa ta kakanninsu ce, mai jar fata da bakin tagulla. Mutum biyu ya koya wa busa, ɗansa da Sharfuddeen ɗan maƙwabcinsa. Koyon kuwa ba wasa: a ba ka kara mai rami da ƙwaryar ruwa, ka yi ta hurawa kana shaƙar iska ta hanci, kumatunka na riƙe da sauran. Kumfa ta tsaya, ka sha dundu. Ganiyu ya riga abokinsa iyawa, kuma Sharfuddeen bai taɓa yafe masa wannan ba.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafarsu Ganiyu ya shiga soja. Da aka ji mabushi ne sai aka tura shi cikin 'yan badujala, aka miƙa masa algaitar Turawa mai salka. Salkar a hammata ake matse ta, sanduna uku na kwance a kafaɗa suna gurnani, ka cika ta da iska ta wani bututu, yatsunka na kan wata sandar a ƙasa. Da aka kawo bujen da ake sawa da ita ya ce, “Saje, ni fa namiji ne.” Saje ya ce kayan aiki ne, ya sa ko ya tafi kicin. Ya sa. Gaskiya kuma ya so abin, har ya zama shi ke gaba in an fito fareti.

Wani ya ɗauki hotonsa a fareti, hoton ya yi ta yawo a waya har ya iso hannun Sharfuddeen. Mugun bai tsaya nuna wa abokai ba. Wanke hoton ya sa aka yi, babba, ya liƙa a jikin bishiyar da masu kifi ke zama ranar kasuwa, ya jira Ango ya zo wucewa.

“Baba, taho ka gani,” in ji shi. “Ɗa munka kai soja, ga shi sun maido muna ɗiya.”

Kasuwa ta ɗauki dariya. Tsoho ya koma gida ya ɗauko algaitar gado ya danƙa wa Sharfuddeen a gaban Sarkin Ruwa. Bai sake ɗaukar wayar ɗansa ba har Allah Ya karɓi ransa. Da Ganiyu ya zo ta'aziyya, yara suka bi shi suna kiran “Mai Buje”, ga kuma algaitar ubansa rataye a kafaɗar wanda ya raba su. Ya haɗiye, amma abin ya zauna masa a rai shekara da shekaru.

Da ya yi ritaya ya sayi algaitarsa mai salka, ya dawo gida ya kama noma, bai busa wa kowa ba. Ranar bikin buɗe tafki don kamun kifi yake jira. Al'adar ƙauyen ce, a ranar mabusa biyu na iya karawa a gaban Sarkin Ruwa: su fara tare, wanda sautinsa ya fara yankewa ya ajiye algaitarsa a ƙafar ɗan'uwansa, kuma ba a roƙon a mayar.

Ranar ta zo, jirage sun cika gaɓa har daga Dole Kaina. Sai ga Ganiyu cikin buje, rungume da abin busarsa. Aka yi ta ihu da shewa. Sharfuddeen ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Da wanga tulun akuya za ka kara da ni? Sarki, a bar shi shi gwada.”

Rashin sani ya fi dare duhu. Sharfuddeen da duk masuntan nan sun ɗauka salkar kwalliya ce irin ta Turawa, don a saninsu iskar mabushi a kumatunsa take. Sarkin Ruwa ya tambayi kowa ko ya yarda, suka ce sun yarda.

Aka fara. A ba Sharfuddeen haƙƙinsa, ya busa kamar ransa zai fita, kumatu sun kumbura, jijiyoyin wuya sun miƙe. Rana ta take, gumi ya rufe masa ido. Sai Ganiyu ya matso dab da shi, ya cire bututun daga bakinsa, sauti kuwa na nan yana tashi, don hammata na matse salka.

“Sharu,” ya ce, “mi kac ce ma ubana ranar kasuwa? Sake hwaɗi in jiya.”

Ya mayar da bututu ya ƙara iska. Can ya sake cirewa, ya tambaye shi lafiyar iyali. Sharfuddeen ya zaro ido, ya yunƙura zai ce an cuce shi, kuma buɗe bakin nan shi ne yankewar sautinsa. Ya durƙusa ya ajiye algaita a gaban doguwar safar da ya yi wa dariya.

Da Ganiyu ya isa gida ya rufe ƙofa ya sa algaitar ubansa a baki. Ta yi kuka kaɗan ta mutu. Ya sake, haka. Salka ta daɗe tana yi masa aikin kumatu, numfashin nan da ya koya da dundu ya tafi. Ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar ta'aziyya, sannan ya rataye ta a bango.

Tun daga nan ƙauyen ba shi da mai busa algaita. Sharfuddeen ya koma sayar da busasshen kifi a ƙarƙashin bishiyar nan, kuma duk ranar kasuwa sai Ganiyu ya wuce ta gabansa cikin buje, a hankali. Dattawa sun je sun roƙa, Sarkin Ruwa da kansa ya je, ya ce ko aro ne a ba Sharfuddeen ranar buɗe tafki kawai, kada busar Ango ta mutu.

Ganiyu ya dubi algaitar da ke bango ya ce, “Ranka shi daɗe, ni ban iya ba, na sani. Amma ubana ya mutu bai yi mini magana ba. Ita ma bari ta yi shiru.”