Sunan da Yaya Rakiya Ba Ta Kira Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar Habibu, ɗan yayata, kurtu a sojan ƙasa na Ingila, wanda nakiya ta tashi da shi a bakin wata gona a kudancin Afganistan. Ko igiya ɗaya ba shi da ita a hannu. Ban ji an ce ya yi wata bajinta ba. Yana tafe ne a layi bayan abokansa, ya sa ƙafa inda aka binne abin. Ni kawunsa ne, ina zaune a Lyon, kuma duk shekara in lokacin ya zagayo sai in kasa yin aikin kirki.

Mai karatu zai tambaya me ya sa ɗan Hausa cikin kakin Ingila. Mu mutanen Maraɗi ne, amma ubansa Bakatsine ne, don haka takardunsa na Nijeriya ne, karatunsa na Ingilishi. Da uban ya rasu, Yaya Rakiya ta auri wani ɗan kasuwa da ya kawo ta Paris, yaron ya tashi wurin dangin ubansa. Ya je Ingila karatu, karatun bai yiwu ba, aka ce masa soja na ɗaukar 'yan ƙasashen da Ingila ta raina, ya je ya sa hannu. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce aƙalla yanzu akwai mai tashinsa sallar asuba da ihu.

Habibu ɗan fari ne, Yaya kuwa mutuniyar dā ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda yake zaune. "Yaron nan" take cewa, in kuma da ni take magana ta ce "mutuminka". In ya samu hutu ya biyo jirgin ƙasa zuwa Paris, zai tarar da ita a shagonta na atamfa a Château Rouge, ya durƙusa ya gaida ta, ta amsa tana kallon almakashi. In ya yi waya daga bariki ta miƙa wa ƙanwarsa Nana. Amma ba ta fasa haɗa masa kilishi da yaji ta ƙulle a ƙyalle, ta ba ni in aika, tare da gargaɗin in ce daga gare ni ne. Mu da muka tashi cikin wannan kunya mun san abin da ke ƙarƙashinta. Shi kuwa yana zaune cikin yaran da uwayensu ke rungume su a bakin ƙofar bariki.

Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya zo mini Lyon. Muna zaune bakin kogi yana ta zolayar Faransancina, sai ya ce: "Kawu, ka ce ma Hajiya ta kira sunana sau guda. So nike in ji yadda yake fita a bakinta."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Yaya ta ce Turawa sun ɓata shi, ta ci gaba da ninke atamfa. Sai da na kai ƙofa ta ce, bari ya dawo tukuna.

Ni aka yi wa waya, domin ni ya ce a nema in wani abu ya faru. Na hau jirgi zuwa Paris, na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na same ta tana auna wa wata mata shadda. Ko a ranar ban iya faɗin sunan a gabanta ba. Na ce, "Yaya, yaron nan ne." Ta ƙarasa yankan, ta sallami matar, ta zauna ta yi salati. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an yi masa wanka. Gawar ta daɗe kafin a ba mu ita, kuma a rufe ta zo cikin akwati, aka shawarce mu kada mu buɗe. A Goutte d'Or, unguwar da shagon Yaya yake, wasu sun yi mana ta'aziyya, wasu sun kauce mana, wani ma ya ce mini a ƙofar masallaci wanda ya je yaƙar Musulmi me yake tsammani. Har yau ina gaisawa da mutumin, amma ban manta ba.

A Ingila aka rufe shi, ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta. Matata na kuka kamar ranta zai fita, Yaya na tsaye gefe idonta a bushe. Wani yaro Bature cikin kaki, abokin ɗakinsa, ya wuce Yaya ya nufi matata yana ba ta haƙuri a kan ɗanta. Da na nuna masa uwar, kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ya ce in gaya mata duk ɗakinsu sun san busasshen naman nan mai yaji, kuma Habibu kan ce uwarsa ce ke aiko shi. Yana ce musu kawunsa na iƙirarin shi ne, alhali ƙyallen daga shagonta yake, kuma kawun ko igiyar takalmi bai iya ƙullawa haka ba. Na fassara mata duka, har da zagin da aka yi mini. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta buɗe ba sai a mota.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Sojojin da ya tafi da su sun bar lardin da ya mutu a ciki, kuma ban ji wanda ya iya gaya mini abin da aka samo ba. A tashar jirgi ta Lyon ina wuce yara masu kaki da bindiga, sa'o'insa a lokacin, sai in kau da kai. Ina jin da yana nan zolayata zai yi, ya ce tsufa ya mai da ni matsoraci. Ina jin haushin yaƙin, ina jin haushin kaina da faɗana bai yi amfani ba, amma ban taɓa iya jin haushin Yaya ba. Abin da aka koya mata ta riƙe, kuma ta yi zaton akwai sauran lokaci.

Me ya rage nasa? Tuta a ninke, hula da bel, suna cikin akwatin tufafinta a gidanta na Sevran. Sai kuma ɗan Nana, da aka haifa bayan 'yan shekaru aka sa masa Habibu. Ranar suna mata suka fara neman laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, don a sauƙaƙa wa kaka. Yaya ta ce ba a bukata.

Watan jiya na je gaishe ta. Ta tsufa, ta bar shago. Yaron na wasa a falo, ita tana ɗaki, sai na ji ta ɗaga murya ta kira sunan, cikakke, ba ta rage ko harafi ba. Ya sheƙo a guje ya ce, "Na'am, Kaka?" Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce, "Ba komi. Je ka."

Nana ta ce mini haka take yi duk yini.