Tafiyata Neman Lambar Batagarawa

Na bar Batagarawa ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Na taka Jidda, Landan da Abijan, amma ban taɓa niƙar gari don neman lamba ba sai wannan karon. Autata Binta ce ke shigar da sunayen manoman ƙungiyarmu cikin kwamfuta domin rabon irin gero. Kwamfutar ta ƙi karɓar kowane suna sai da lambar da gidan waya ya ba yankin mai shi. Ranar Alhamis ake rufe rajista. Wanda bai shiga ba, ba shi da iri bana.

Hanya

Kimanin kilomita goma ne zuwa birni, a akori-kura. Shingen da sojoji suka bari 'yan sanda sun gaje shi. Suka tambayi direba abin da ya ɗauko, ya ce albasa da Alhaji.

GRA

Na karya da koko da ƙosai, na isa gidan waya ƙarfe takwas. Bayan doguwar gaisuwa akawu ya ce lallai akwai littafin lambobin, amma yana hannun Malam Sule, tsohon mai raba wasiƙu, wanda aka roƙa ya duba sunayen ƙauyuka, don babu wanda ya san su kamarsa.

Ƙofar Sauri

Na same shi a zaure ƙarfe goma. Ya ce littafin amana ne, ba ya barin zauren. Na zauna na kwafe da biro. A Landan lamba kan kai mutum har bakin titinsa. A nan ƙauyukan manomanmu duka, da rugagen Fulani, lamba ɗaya suka tashi da ita. Na nuna masa.

"Alhaji," in ji shi, "shekara talatin ina kai wasiƙa ban taɓa tambayar lamba ba. Ɗan wane ne, shi ke nan."

Gida

Na komo kafin azahar. Binta ta buga lambar a gaban sunan farko, kwamfuta ta karɓa. Haka ta yi ta maimaita ta har sunan ƙarshe.

"Baba, ai yanzu ta san inda kowa yake."

Ban yi musu ba. Mun shiga rajista ranar Laraba. Da irin ya iso, direban da ya kawo shi ya tsaya bakin kasuwa yana tambayar gidan Alhaji mai yawon duniya. Alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa Malam Sule da alheri.